Ki Faɗa Wa Babanki

Aikin da na fara yi a duniya aike ne, kuma a lokacin ban cika shekara biyar ba. Tafiyar ba ta da nisa. Taku takwas ne ko goma, daga inda Umma take zaune zuwa inda Baba yake zaune, wani zubin ma a ɗaki ɗaya.

"Ki faɗa wa babanki maganin yayanki ya ƙare."

Sai in taka in je in tsaya a gaban Baba in maimaita, alhali kunnensa ya riga ya ji. Ba zai ɗago kai daga rediyonsa ba. "Ki ce mata na ji." In juyo in kawo amsa. Haka za a yi kwana uku, a yi bakwai, wani lokacin har a daina lissafi. Yayana ya ce akwai shekarar da suka haura wata biyu ba su haɗa ido ba, kuma duk tsawon lokacin babu abin da ya tsaya a gidan. Ana girki, ana wanki, ana biyan kuɗin makaranta. Baƙo ya zo a tarbe shi da fara'a, in ya tashi tafiya fara'ar ta raka shi ƙofa, ba ta dawowa.

Gidanmu gida ne da ake ba da misali da shi. Maƙwabta ba su taɓa jin murya ta tashi ba, ba a taɓa fasa ko kofi ba, Baba bai taɓa ɗaga wa Umma hannu ba. Ni ma ana ba da misali da ni. "Wannan yarinya akwai hankali, ba ta kuka, ba ta rigima, inda aka ajiye ta nan za a same ta." Na daɗe ina ɗaukar wannan maganar a matsayin yabo.

Kafin in iya karanta harafi ɗaya na riga na iya karanta makullin Baba. In ya shigo ya jefa shi kan tebur ya yi ƙara, yau lafiya. In ya ajiye shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai, to akwai magana. Na san yadda Umma take rufe ƙofa in zuciyarta a sake take, na san yadda take rufewa in ba haka ba, kuma bambancin bai fi na numfashi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni tun da safe nake fara tambayar fuskoki biyu kafin in san ko yau ranar wasa ce. Na kuma koyi gyara saƙo a hanya. Umma za ta ce, "Ki faɗa masa in ya ga dama ya sayo, in bai ga dama ba ya bari." Kafin in cika takun nan goma maganar ta koma, "Baba, Umma ta ce don Allah a sayo magani." Wannan "don Allah" ɗin tawa ce. Yarinyar da ba ta iya ɗaura igiyar takalmi ba tana tsaye tana tace maganar manya don kada gida ya rushe a kanta, don abin da na yi imani da shi ke nan: in na kai saƙon da kyau za su shirya, in ba su shirya ba ni ce ban iya kaiwa ba.

Jikina shi ya riƙa faɗin abin da bakina bai faɗa ba. Ciwon ciki kowace safiya, an kai ni asibiti ya fi sau uku ba a ga komai ba. Cin farce har sai ya yi jini. Fitsarin kwance har na kai shekara takwas.

Akwai mutum ɗaya a gidan da ba sai na karanci fuskarta ba. Gwaggo, yayar Baba, ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta, ina da shekara uku, ta zauna har na kai bakwai. Idonta ya yi rauni amma ba ta yarda ta daina ɗinki ba, sai ta mai da ni idonta. "Uwata, zo ki zura mini zare." Ina lasar bakin zaren ina neman kafar allura, ita kuma tana tambaya, "Yau me kika gani?" Ko me na faɗa, ko da tururuwa ce na gani tana jan fiffiken fara, amsarta ɗaya ce: "To, sai aka yi yaya?" Kuma da gaske take jira. Ba ta ci gaba da ɗinkin sai na gama. In na shararo ƙarya, na ce tururuwar ta yi mini magana, sai ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Me ta ce?" In na jiƙa shimfiɗa, kafin gari ya waye ta naɗe zanin gadon ta fita da shi, ba wanda zai ji.

Rana ɗaya ce ba zan manta ba. Umma ta kira ni, ta fara, "Ki faɗa wa babanki," sai na ji hannun Gwaggo ya kama wuyan hannuna. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Uwata tana yi mini aiki. Ga shi nan zaune, kunnensa biyu." Ɗakin ya yi tsit. Ranar ba a kai saƙo ba, ban kuma ga sun yi magana ba. Amma ina zaune, hannuna cikin nata, na ji wani abu da ya daɗe a ƙulle a cikina ya saki. Har yau in na tuna ina jin kaushin tafinta.

Na girma na zama malamar ƙananan yara, 'yan shekara uku zuwa biyar, kuma an ce na iya aikin. Ina gane yaron da zai yi kuka tun kafin leɓensa ya fara rawa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda na samo wannan idon ba. Na auri mutumin da ya tashi a gidan hayaniya, irin gidan da ake faɗa da dariya a sa'a ɗaya, in aka kashe wutar rigima babu mai tuna abin da ya kunna ta. Ni kuwa na shiga aure da alƙawari ɗaya da na yi wa kaina: 'ya'yana ba za su taɓa jin ana ihu a gida ba. Na cika alƙawarin, har ina alfahari da shi. In maigidana ya ɓata mini, ba na cewa uffan. Abinci zai samu a kan lokaci, kayansa a goge. In ya tambaya, "Lafiya?" in ce, "Lafiya lau." In ya matsa, in ce, "Babu komai." Ina ganin wannan shi ne haƙuri.

Ɗanmu na fari yana da shekara uku da 'yan watanni lokacin da maigidana ya ɗauki kuɗin da muka daɗe muna tarawa ya ba ƙanensa, ban sani ba sai daga baya. Laifi ya yi, har gobe haka zan ce. Na rufe bakina. A kwana na shida da rufewar aka tura mu wani horo na kwana uku da aka shirya wa malaman ƙananan yara, kuma wadda ta jagoranci zaman farko wata dattijuwar likitar yara ce, mai magana a hankali. Ta kashe fitila ta kunna mana wani ɗan gajeren bidiyo.

Uwa ce zaune tana fuskantar 'yarta, jaririya 'yar wajen shekara ɗaya. Suna wasa, yarinyar ta nuna wani abu da yatsa, uwar ta waiwaya ta duba, su yi dariya. Sai uwar ta kau da kai, ta juyo da fuska a daskare. Ba fushi, ba harara, ba komai, fuskar ce kawai aka ɗauke mata rai. Yarinyar ta gane nan take. Ta yi murmushi, ba amsa. Ta sake nuna abin nan da yatsa, ba amsa. Ta miƙa hannu biyu, ta yi ƙara, ta gantsare, ta kau da kai ta sake juyowa ko an dawo, sannan ta fashe da kuka. Duka minti biyu ne. Likitar ta ce gwajin wani masani ne ɗan Amurka, Edward Tronick, wanda ya fara gabatar da shi a 1975, kuma an maimaita shi sau da dama tun daga nan, sakamakon yana fitowa iri ɗaya. Abokan aikina suna ta "Allah sarki". Ni kuwa lissafi nake yi: minti nawa ne a cikin kwana shida?

Na kare kaina, mana. A raina na ce ai ni ba ɗana na daskare wa fuska ba, ubansa ne. Da aka fita hutu na tare likitar a baranda, na yi tambayar kamar a kan wani ɗalibina nake yi. Na ce, "Likita, idan iyaye ba sa faɗa a gaban yaro fa? Shiru kawai suke yi wa juna, shi kuma ana kula da shi." Ta dube ni dubawar da ta nuna ta san ɗalibin. Ta ce fuskar da aka rufe wa miji ba a iya buɗe ta duka ga yaro, ko an yi niyya. Sannan ta ba ni labarin Mark Cummings, malamin jami'ar Notre Dame, wanda tun farkon shekarun 1980 yake nazarin abin da saɓanin iyaye ke yi wa yara. Shi da abokan aikinsa sun riƙa sa manya biyu su yi wasan kwaikwayon saɓani a gaban yara, wani da cacar baki, wani da gaba da ɗaure fuska, suna lura da yaran. Fushin da ba a furta ba ma yana tayar wa yara hankali, ba sai an yi ihu ba. Ta ƙara da wani bincike da aka buga a 2013 daga jami'ar Oregon: jarirai 20, 'yan wata 6 zuwa 12, an ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwarsu suna barci, ana kunna musu muryar wani mutum yana furta kalmomi marasa ma'ana, wani lokacin da sautin fushi, wani lokacin a sake. Jariran da suka fito daga gidajen da saɓani ya fi yawa, ƙwaƙwalwarsu ta fi zabura da muryar fushin. Suna barci fa. Mu kuma muna cewa yaro bai san komai ba.

Da yamma na koma gida da duk wannan a kaina, kuma wanzami ba ya son jarfa, ban yi wa maigidana magana ba. Ina ganin in na fara, na sarayar da gaskiyata. Kwana biyu bayan haka gas ɗin girki ya ƙare. Yana zaune yana duba wayarsa, ɗana yana ƙasa yana tura motarsa ta roba, ni ina bakin ƙofar kicin. Na buɗe baki na ce, "Je ka faɗa wa Abbanka gas ya ƙare."

Muryar Umma ce ta fito. Har inda take sauke sautin a ƙarshe.

Yaron ya miƙe, motar na hannunsa. Ya yi taku uku ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ya dubi ubansa, ya dube ni, ya sake duban ubansa. A makonnin nan ya fara in'ina, sai ya kama, "Ab, Ab, Abba," ya kasa wucewa. Ya juyo gare ni, kuma abin da ya fito daga bakinsa sumul, ba ko tangarɗa, shi ne, "Mami, kina fushi da ni?" Tambayar da ya yi mini ta fi sau goma a satin, kullum ina cewa a'a ina ci gaba da abin da nake yi. Wannan karon na ga idonsa. Ba ni yake kallo ba, fuskata yake karantawa, daga gira zuwa baki, yadda nake karanta ta Umma. Na durƙusa na rungume shi, na ce ta saman kansa, "Gas ya ƙare." Maigidana ya ce, "To, bari in je." Kalmomin farko ke nan a kwana takwas.

A kan in'inar, gaskiya ɗaya ce: da muka kai shi asibiti an ce mana yara da yawa suna fara ta tsakanin shekara 2 zuwa 5, mafi yawansu tana wucewa, kuma ba rigimar iyaye ke haddasa ta ba. Ba zan ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. Tambayar nan dai tawa ce, ni na koya masa ita.

Bayan horon na zama kamar mai ƙishirwa. Takardun da likitar ta raba mana na karanta su har suka yi laushi, na nemi wasu a intanet. A nan na fahimci dalilin da ya sa shekarun farko suke da nauyi haka. Jariri yana zuwa da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba, kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Cibiyar nazarin tasowar yara ta jami'ar Harvard ta ce a shekarun farko ƙwaƙwalwa tana ƙulla sababbin mahaɗai fiye da miliyan 1 a kowane sakan, kuma abin da ke zaɓar wanda zai yi ƙarfi da wanda zai shuɗe shi ne abin da yaro yake maimaita gani da ji. Mafi muhimmanci a ciki shi ne miƙa da karɓa tsakaninsa da babba: ya yi gwaranci a amsa, ya nuna a duba, ya tsorata a ɗauke shi. In tsoro ya zo, jiki yana sakin sinadarin kotisol, zuciya ta ƙara gudu, kuma ƙaramin yaro bai iya saukar da wannan da kansa ba, jikin babba yake aro ya kwantar da nasa. In babban da zai aro wurinsa shi ne tushen tsoron, ko ya yi nisa alhali yana kusa, sai jikin ya saba zama a shirye ko da babu abin gudu. Ciwon cikina na safe ya samu suna bayan shekara talatin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin Mary Ainsworth, masaniyar halayyar yara. Ta fara ne a Yuganda a 1954, tana shiga gidaje a ƙauyukan da ke kusa da Kampala tana kallon uwaye da jariransu, daga baya ta ci gaba a Baltimore ta Amurka. Ta tsara wani gwaji na kimanin minti 20: uwa ta bar ɗanta ɗan shekara ɗaya a baƙon ɗaki na ɗan lokaci, ta dawo. Abin lura ba kukan rabuwa ba ne, yadda yaron yake tarbar dawowar ne. Wani zai ruga ya maƙale, ya huce, ya koma wasansa. Wani kuwa ko kallon ƙofa ba zai yi ba, kamar bai damu ba. Masu binciken da suka auna bugun zuciyar irin waɗannan masu shirun sun tarar tana gudu kamar ta masu kukan. Sun dai riga sun koyi cewa nunawa ba ta da amfani. Na ajiye takardar na yi shiru. Yarinya mai hankali, ba ta kuka, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Tun daga ranar, in an tashi makaranta ina tsayawa a ƙofar aji ina kallon yadda kowane yaro yake tarbar wanda ya zo ɗaukarsa, kuma na daina yi wa iyaye albishir da cewa ɗansu "ba shi da matsala ko kaɗan" don kawai ba ya motsi.

Na karanta labarin Romaniya ma, yara fiye da 100,000 da duniya ta gani a gidajen rainon gwamnati bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceausescu, a 1989, da binciken da aka fara a Bukarest a 2000 kan yara 136, inda waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 suka fi farfaɗowa a basira da shaƙuwa. Ba na haɗa gidanmu da wannan, zai zama rashin godiya da rashin kunya. Amma ya nuna mini cewa gado da abinci kaɗai ba sa rainon mutum.

Binciken da ya sa ni kuka na wata masaniya ne, Emmy Werner. Ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci ko rikicin gida ko rashin lafiyar iyaye, kuma a cikin waɗannan, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, da aikinsu da iyalinsu. Cikin abubuwan da ta gani a tare da su akwai babba ɗaya aƙalla da ya riƙe su da gaske tun suna ƙanana, kuma sau da yawa ba uwa ba ce ba uba ba: kaka, ko 'yar'uwar iyaye, ko wata yaya. Gwaggo ta rasu ina aji biyu a sakandare. Ban taɓa yi mata godiya ba, don ban san ta yi mini wani abu ba bayan ba ni allura da zare. Allah ya jiƙanta.

Wata masaniya kuma, Mary Main ta jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta gano a shekarun 1980 cewa abin da ya fi nuna yadda shaƙuwar mutum da ɗansa za ta kasance ba wahalar da ya sha yana yaro ba ce, yadda yake iya ba da labarin ne: ko ya fahimce shi yana faɗinsa daki-daki, ko yana tsallake shi da "ai komai lafiya lau ne", ko har yanzu yana nutse a ciki. Ni 'yar "lafiya lau" ce. Kuma rabin labarin ba ya hannuna. Baba ya riga ya rasu, saura Umma.

Na yi wata uku ina juya yadda zan fara. Ranar da na je, muna zaune ina matsa mata ƙafa, na ce, "Umma, kin tuna lokacin da kike aike na wurin Baba yana zaune a gabanki?" Na ji ƙafar ta ƙage a hannuna. Na ɗauka za ta ce ban da kunya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe kina tunawa." Ta faɗa mini abin da na sani sama-sama, ban taɓa jin sa daga bakinta ba: tsakanina da yayana akwai wani yaro, ya yi wata huɗu ya koma. Baba bai sake ambaton sunansa ba, ko sau ɗaya. Ita ta ɗauka bai damu ba, shi kuma, ta gane daga baya, ba ya iya buɗe bakin ne. Da aka haife ni sai wani duhu ya sauko mata, tana shayar da ni tana hawaye ba ta san dalili ba, tana tsoron ta saba da ni a sake karɓewa. Ba ta faɗa wa kowa ba don kada a ce ba ta da tawakkali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga irin wannan hali, mafi yawa ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Umma ba ta san ciwo ba ne. Ta ɗauka halinta ne ya lalace.

Na ce, "Amma Umma, ba ku taɓa shiryawa ba?"

Ta yi 'yar dariya, ta ce, "Ke kuwa, da ba ma shiryawa da ƙannenki daga ina? Muna shiryawa mana. Da dare, in kun yi barci. Babanki ya iya ba da haƙuri, har ya ba ni dariya. Ai ba a yin wannan a gaban yara."

Na saki ƙafarta. Shekara da shekaru ina ɗauke da gidan da ake ɓatawa ba a gyarawa, ashe ana gyarawa, ni ce ba a taɓa nuna wa ba. Gabar a gabana ake yin ta da rana tsaka, sulhun kuma a bayan ƙofa. Ni dai in na tashi wata safiya sai in ji makulli ya yi ƙara a kan tebur, in ce yau an yi sa'a, wataƙila jiya na kai saƙo da kyau. Kuma wannan shi ne ainihin abin da Cummings ya gani: in yara suka ga manya sun sasanta, damuwarsu tana sauka sosai, kuma ko ba a gabansu aka yi ba, in aka faɗa musu an shirya, yana taimaka musu. Tronick ma ya lissafa cewa ko tsakanin uwa da jaririnta masu lafiya, lokacin da suke daidai da juna bai fi kusan kashi 30 cikin 100 ba. Sauran duk kuskure ne da gyara, kuskure da gyara, kuma a gyaran ne yaro yake koyon cewa in abu ya tsinke ana iya ƙulla shi. A ƙarshen bidiyon nan ma uwar ta dawo da fuskarta, ta miƙa hannu, cikin ɗan lokaci yarinyar ta koma dariya. Na kalli wannan ɓangaren ranar horon, amma ban gan shi ba.

Maigidana bai karɓi maganar da sauƙi ba. Ya ce, "Yanzu so kike in tsaya a gaban yaro ɗan shekara uku ina ba ki haƙuri? Girmana fa?" Na ce ni ma so nake in daina cewa babu komai alhali da komai, kuma wannan ya fi mini wuya fiye da yadda yake zato. Mun yi ta ja. Abin da muka tsaya a kai ƙarami ne: ba a aiken yaro da saƙon fushi, manyan maganganu a bari sai mu biyu, amma in yaro ya ga farkon saɓani to sai ya ga ƙarshensa, ko a faɗa masa da baki. Karon farko abin dariya ne. Muna tsaye kamar 'yan wasan da ba su haddace layinsu ba, ya ce, "Ɗazu na yi wa Maminka magana da zafi, ban kyauta ba, na ba ta haƙuri." Na ce, "Ni ma na ɗaure fuska, amma mun shirya. Ba kai ka jawo ba." Yaron ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To," ya koma kan motarsa. Maigidana ya ce, "Shi ke nan? Duk wannan zufar?" Amma daren bai farka yana neman mu ba.

Ban warke ba, kada in yi ƙarya. Har yanzu in raina ya ɓaci abin da ke fara zuwa shi ne in kulle, ina jin shirun yana hawowa daga ƙirji kamar ruwa. Wani lokacin ina kama shi a awa ɗaya, wani lokacin sai ya kwana. Abin da na iya yanzu shi ne in ce, "Raina a ɓace yake, ba zan iya magana yanzu ba, sai anjima," kuma in anjimar ta yi in cika. A aji kuma na ari tambayar Gwaggo. In yaro ya zo da labarin da ba kai ba gindi, ina ajiye alkalami in ce, "To, sai aka yi yaya?"

Watan jiya Umma ta zo ta yi mana sati biyu. Ɗana yanzu shekararsa bakwai, in'inar ta tafi tuntuni, surutu kamar ubansa. Mun ɗan saɓa da Umma a kan maganin hawan jininta da take tsallakewa, na yi mata magana, ta ji haushi, ta yini ba ta kula ni ba. Da yamma ina ninke kaya a gefenta, tazararmu ba ta fi taku biyu ba, sai na ji ta kira shi.

"Zo nan, maigida. Ka faɗa wa uwarka ruwan zafin nan ya huce."

Hannuna ya tsaya a kan rigar da nake ninkewa. Yaron bai ko tashi daga inda yake kwance yana zane ba. Ya ce, "Kaka, ga ta nan kusa da ke ai. Tana jin ki."

Umma ta dube shi, ta dube ni. Na ga bakinta yana motsi kamar mai neman inda ta ajiye wani abu. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ke, ruwan ya huce."

Na ce, "To, Umma, bari in ɗora wani."